Idan ilektron bai yi karo da komai ba, daga ina turjiya take fitowa?

Ɗalibin Dundaye:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa turjiya, wato cikas ɗin da wutar lantarki take samu wajen wucewa, tana zuwa ne daga karon da ilektron yake yi da datti da girgizar atam a cikin waya. To idan na'urar semikondokta ƙarama ce ƙwarai kuma tsaf take, ba sai turjiyar ta zama sifili ba?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Ba ta zama sifili, ɗana, amma fara da tazarar da ilektron yake ci kafin ya yi karo. A jan ƙarfe, a zafin ɗaki, kusan nanomita 40 ce (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A galiyam asenaid, wani nau'in semikondokta, mai tsabta da aka sanyaya da ruwan hiliyam zuwa Kelbin 4.2, sanyi matsananci, tana kai maikromita 10, wato nanomita 10,000, har ta wuce. Dabarar samun wannan doguwar tazara ta fito daga cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka a 1978: atam ɗin silikon masu ba da ilektron ana ajiye su a wani falle daban, su kuwa ilektron su sauka su kwanta a siririyar shimfiɗa nesa da su.

Idan hanyar ta fi wannan tazarar gajarta, ilektron ya daina tafiyar mai ratsa Babbar Kasuwa ana gab da Sallah, kafaɗa da kafaɗa. Dutsen gwafa ya zama. Dokar Ohm ta tsaya nan, domin ninka tsawon hanyar ba ya ninka turjiya.

Turjiyar da ta rage a bakin ƙofar hanyar take. Ilektron kuma yana tafiya kamar igiyar ruwa, tsawon zangonsa a nan kusan nanomita 40 zuwa 50. Mashiga mai faɗin nanomita 250 layuka kaɗan kawai take ɗauka, kowane layi kuma iyakar abin da yake wucewa da shi 2e²/h ne (e cajin ilektron, h lambar Planck ta fiziks), wato turjiyar kilo'om 12.9. Masu bincike a Delft ta Holan da Kambirij ta Ingila suka auna wannan a 1988. Zafin ma a manyan ɓangarorin da ke gefe biyu yake fita, ba cikin mashigar ba.

Injiniya Mabera:
Malam ya gama bayani, ni awon zan ƙara. Ana ɗora ƙarafa biyu a saman, da ɗan rata tsakaninsu, shimfiɗar ilektron tana kusan nanomita 100 a ƙasa. Ka ba su boltej mai alamar ɗebewa, su kori ilektron ɗin da ke ƙarƙashinsu, saura mashiga. Kana ƙarawa tana tsukewa, layukan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, zanen yawan wutar da ke wucewa ya fito kamar matakala.

Inda ake faɗuwa: siginar awo. A riƙe ta ƙarama ƙwarai, kamar maikrobolt 10, domin in ta yi yawa sai ka dumama ilektron ɗin da hannunka, matakan su goge. Sannan turjiyar wayoyi da mahaɗai tana hawa kan ta mashigar, sai ka cire ta kafin matakan su zauna inda lissafi ya ce. Kuma da hunturu, iska ta bushe ƙayau irin namu, taɓawa ɗaya da yatsa ba tare da igiyar sauke caji a wuyan hannu ba ta isa ta ƙone ƙarafan nan. Ba gyara.

Ɗalibin Dundaye:
Na gode. Ana iya ganin matakan a zafin ɗaki?

Malamin Fiziks:
A wannan na'urar, a'a. Ratar kuzari tsakanin layukan ƴan mili'ilektronbolt ce (ma'aunin ƙaramin kuzari), zafin ɗaki kuwa yana ba da kusan 26, balle Sakkwato a watan Afrilu. A Kelbin 4.2 bai kai 0.4 ba. Amma ɗan uwan wannan shimfiɗar yana kan rufin gidanku: taransistan da ke karɓar sigina a bakin faifan satalayit da ita yake aiki, saboda ƙarancin hayaniyarta.