Babban ɗana ya ce ba zai yi baftisma ba, saura kwana 12

Baban Huɗu:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, dare uku ke nan barci ya gagare ni.

'Ya'yana huɗu, babban namiji ne mai shekara 17. Mun yi shekara biyar da aure kafin Allah ya ba mu shi, kuma bakwaini aka haife shi. Kwana 23 ya yi a kwalba. Ni nake kwana a kan benci a barandar asibiti, mahaifiyarsa tana ciki ko tashi ba ta iyawa. Ranar da likita ya ce mu shirya zukatanmu, na je bayan ɗakin jarirai na durƙusa na yi wa Allah alkawari irin na Hannatu, na ce in ya bar mini shi, nasa ne har ƙarshen ransa. Allah ya ji. Da hannuna na miƙa shi a gaban ikkilisiya yana wata huɗu. Ni na koya masa Addu'ar Ubangiji, ni na riƙe masa keke har ya iya, ni na saya masa Littafi Mai Tsarki na farko ranar da ya cika goma, na rubuta sunansa a bangon ciki. Yana shekara 12 ya haddace Zabura 119 har rabi. Ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba.

Bana shi da ƙanwarsa mai shekara 14 suka shiga ajin baftisma, wata shida suna zuwa, dukansu suka ci gwajin. An sa rana. An ɗinka fararen kaya, tasa rigar ma a goge take a rataye a bayan ƙofa. Ran Asabar da yamma muna tsugune muna gyaran sarƙar keken autanmu, hannunmu duk baƙin mai, sai ya ce, "Baba, ina so a cire sunana." Bai ko ɗago kai ba. Na ce wane suna? Ya ce na baftisma, shi bai shirya ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi faɗa ƙwarai. Na karɓe wayarsa, na hana shi fita ƙwallo. Tun ranar in muka zauna sujadar safe yana buɗe Littafin, amma ba ya ɗaga murya a waƙa. Ni kuma dattijo ne a ikkilisiyarmu, ni zan tsaya kusa da fasto in miƙa tawul. Me zan ce wa mutane? In tilasta shi ne ko yaya?

Malamar Makarantar Lahadi:
Sannu Baba, Allah ya ba da hikima. Amma ba ku faɗa mana dalilin da ya bayar ba. Kun tambaye shi? Mahaifiyarsa fa, me ta ce?

Tsohon Dattijo:
Ɗan'uwa, shekara 26 na yi a kujerar dattawa, irin wannan na gan shi ya fi a ƙirga. Ba sai an nemi dalili ba, dalilin yana cikin wayar da ka karɓe. Ka yi daidai, kada ka mayar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Buɗe 1 Sama'ila sura 3 aya 13. Allah bai hukunta gidan Eli don Eli ya yi sata ba, ya hukunta shi ne don ya san abin da 'ya'yansa suke yi bai hana su ba. Hofni da Finehas rana ɗaya suka mutu. Ka kuma duba 1 Timoti 3:4-5, wanda bai iya riƙe gidansa ba ta yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Joshuwa bai tara 'ya'yansa ya ji ra'ayinsu ba kafin ya ce shi da gidansa za su bauta wa Ubangiji. Yaron da yake cin abincinka, yake kwana a ƙarƙashin rufinka, zai shiga ruwan nan ranar da aka sa. Fahimta za ta biyo baya.

Maman Tagwaye:
Baba Dattijo, da girmamawa, ni shaida ce cewa ba kullum take biyowa ba. Haka mahaifinmu ya yi wa yayana, ya ja shi har bakin ruwa yana shekara 15. Yau ya haura arba'in, rabonsa da coci tun ranar jana'izar Baba, ranar ma a waje ya tsaya. Kuma ni ake ɗora wa laifi wai ban yi masa magana ba, alhali ni kaɗai nake kiransa a waya duk cikinmu. Sauran sai dai in sun ga ana rabon wani abu. Abin yana ci mini rai har gobe.

Baban Huɗu:
Malama, na tambaye shi mana. Ya ce ba ya so ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da bai tabbata ba. Wannan ai ba dalili ba ne, wata shida ana koya masa. Mahaifiyarsa kuka kawai take yi, ta ce in bar shi, amma ita dama tun yana jariri ba ta son abin da zai taɓa shi. Maman Tagwaye, ni ban taɓa ɗaga masa hannu ba, kada a haɗa ni da wani.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba, ku dubi Ayyukan Manzanni sura 8, ku lura da mutum biyu cikin waɗanda aka yi wa baftisma a wannan surar. Saminu mai sihiri ya shiga ruwa, amma daga baya Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Ma'aikacin nan na sarauniyar Habasha kuwa shi da bakinsa ya ga ruwa ya roƙi Filibus. Wanne kuke so wa ɗanku? Yaron da ya ƙi yin ƙarya a gaban Allah, ni a ganina tarbiyyarku ce take aiki. Agustin, wanda har yau ake karanta rubuce-rubucensa a makarantun tauhidi, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, amma sai a Ista ta 387 Ambros ya yi masa baftisma a Milan, yana shekara 32. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka tana addu'a, ta ga ranar da idonta, ta rasu a shekarar.

Tsohon Dattijo:
Ɗana, ka karanta rabi ka bar rabi. Monikar nan da kake faɗa, lokacin da ɗanta ya bi koyarwar Mani, wadda ikkilisiya ta ɗauka ɓata ce, sai da ta hana shi zama a gidanta. Ba lallashi ta fara da shi ba. Sannan wa ya ba ka tabbacin yaron nan zai kai 32? Ku yaran yanzu kuna shiga makaranta shekara biyu sai ku dawo kuna koya wa masu furfura riƙon gida. Ka haifa tukuna.

Ɗalibin Tauhidi:
Gaskiya ne Baba, ta hana shi, amma ta sake buɗe masa ƙofa ba da daɗewa ba. Kuma Bulus ɗin da ya rubuta wa Timoti shi ya ce a Kolosiyawa 3:21 kada ubanni su matsa wa 'ya'yansu har su karai.

Mai Bin Katikisma:
Shi ya sa mu a cocinmu ba ma shiga wannan wahalar. Jariri ake yi wa, in ya girma ya yi tabbatarwa. Mai tsaron kurkukun Filibi a daren nan aka yi masa baftisma shi da dukan mutanen gidansa, Ayyukan Manzanni 16:33. Da an yi wa yaron nan tun yana kwalba da yanzu ba ma wannan magana.

Tsohon Dattijo:
Nuna mini kalmar jariri a ayar.

Malamar Makarantar Lahadi:
Don Allah mu bar wannan gardamar, an yi ɗaruruwan shekaru ana yinta ba a gama ba, ba yau za mu gama ta ba. Baba, ina tare da yara shekara 11. Yaro mai haddace Zabura ba ya tashi rana ɗaya ya ce bai tabbata ba. Akwai abin da ya faru a shekarar nan ko bara? A gida, ko a makaranta?

Baban Huɗu:
Babu komai. Gidana lafiya lau. Sai dai bara amininsa ya rasu, wanda suke zama benci ɗaya a ƙungiyar mawaƙa. Ciwon sikila ne. Sun yi azumi na kwana uku su matasan, ɗana ne ma ya ja ragamar addu'ar. Ranar jana'iza yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Amma wannan ya wuce, na zaunar da shi a lokacin na karanta masa Ayuba, na ce Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa. Bai ce komai ba, ya ce to. Ban ga abin da ya haɗa wannan da baftisma ba.

Maman Tagwaye:
Haba Baban Huɗu! Ga maganar nan a fili. Kai Allah ya amsa maka taka a bayan ɗakin jarirai, kuma na tabbata yaron ya ji labarin nan sau ɗari. Shi ya roƙa ba a ba shi ba. Me kake so ya ji?

Malamar Makarantar Lahadi:
Ita ce tambayar da yake ɗauke da ita shi kaɗai. Ku mayar masa da wayar, ku fita ku biyu inda ba kowa, kada ku ɗauki Littafi a hannu, ku kira sunan abokin ku yi shiru. Ubangiji Yesu ma a kabarin Li'azaru kuka ya yi kafin ya kira shi. Sannan ku je wurin fasto da kanku ku ce a ɗaga masa zuwa zagaye na gaba. Ba wanda zai tsige ku don wannan.

Tsohon Dattijo:
In ka ɗaga masa, ka sani ƙannensa uku suna kallo. Gobe ta 14 ɗin za ta ce ita ma ba ta shirya ba, jibi auta ya ce ba ya zuwa coci. Mutuwa kowa ana yi masa. Na binne 'yata ta biyu ranar Alhamis, ran Lahadi ni na karɓi baiko. Ba wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda nake ji, har wanda nake ganin aminina ne a cikin dattawan bai tako gidana ba sai bayan mako uku. Ban bar Allah ba.

Direban Dare:
Allah ya ta'azantar da ku Baba Dattijo. Ni abin da zan ce, ku kula da yarinyar. Kowa yana maganar yayanta, ita da ta ce ta shirya ba wanda ya ambace ta. Kada ranarta ta zama ranar makoki.

Baban Huɗu:
Na gode muku duka. Amma ku fahimce ni, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ba mugun uba ba ne. Labarin asibitin ina ba shi ne don ya san darajarsa, ba don in ɗora masa bashi ba. Alkawari kuma ni na yi wa Allah, ni za a tambaya. Wayar zan riƙe tukuna. Fasto ban gaya masa ba, ina sa rai kafin Lahadi yaron zai sauko, don jiya da na shiga ɗakinsu na ga bai sauke rigar daga bayan ƙofa ba.

Malamar Makarantar Lahadi:
Baba, kun yi masa maganar abokin nasa kuwa?

Baban Huɗu:
Ban samu lokaci ba, yau muna da taron dattawa. Akwai wanda ya san ko ana iya barin sunan mutum a takarda har safiyar ranar?