Wace kalma za mu ba "detective" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Daren Juma'a na kunna wa yaran gidanmu a unguwar Mabera, Sakkwato, wani tsohon fim na Jamus, baƙi da fari, ina fassara musu. Sunansa Emil und die Detektive, na 1931, an ɗauko shi daga littafin da Erich Kästner ya fitar a 1929. Uwa ce ta ba ɗanta Emil mak 140, kuɗin Jamus na lokacin, mafi yawa na kakarsa da ke Berlin, shi kuma ya soke kuɗin da allura a aljihun ciki. A jirgin ƙasa wani mai baƙar hula ya ba shi alewa, barci ya kwashe shi, mutumin ya zare kuɗin. Emil bai kai ƙara ba, don ya taɓa yi wa wani mutum-mutumi ɓarna a garinsu, yana tsoron 'yan sanda. Sai yaran Berlin suka taru suka bi ɓarawon, suka kwana suna gadin otal ɗinsa, washegari suka rutsa shi a banki.

Tun a sunan fim ɗin na maƙale. Ƙanena ya ce, "Yaya, mi aka nuhi da detective?" Na ce ɗan sandan ciki. Ya dubi yaran nan masu gajeren wando ya yi dariya, kuma da gaskiyarsa.

Bayan na yi wannan tambaya, na karanta amsoshinku, na gode. Masu cewa si'aidi, matsalarku irin tawa ce: sunan ma'aikacin hukuma ne, yaran fim ɗin kuwa babu wanda ya ɗauke su aiki. Ɗan leƙen asiri ya riga ya zama na mai yi wa wata ƙasa ko wani ɓangare aiki a ɓoye. Mai bincike ya yi faɗi, har malamin Jami'ar Danfodiyo mai nazarin gero mai bincike ne. 'Yan banga kam a bar shi, kowa ya san abin da sunan nan ke kawowa rai a yankinmu yanzu.

Wata malama ta kawo ɗan ƙwaƙƙwafi. Na so shi ƙwarai, yana da daɗin faɗa, yara za su riƙe. Amma idan aka ce wane ya cika ƙwaƙƙwafi ai ba yabo aka yi ba, ana nufin mai tonon abin da bai shafe shi ba.

Amsar da ta fi kwanta min a rai daga cikin gida ta fito. Kakarmu, wadda na ɗauka gyangyaɗi take a tabarma, ta ce, "Ai wanga bin sawu na, awa na shanu." Idan an kore garke da dare, akwai mutanen da ake kira su karanta ƙasa: nan suka bi, nan suka tsaya shan ruwa, wannan tana ɗingishi. Ba hukuma ba ne, ido ne da haƙuri.

Wani ya ƙalubalance ni cewa ba a sawu a kan kwalta, kuma hujin allura a jikin takardun kuɗin ne ya tona ɓarawon a banki. Haka ne. Amma hujin nan ai shi ne sawun. Mu ma idan muka ce an bi sawun magana, ba tafin ƙafa muke nufi ba.

Don haka ni dai na tsaya a kan ɗan bin sawu, jam'i 'yan bin sawu. Fim ɗin ya zama Emil da 'Yan Bin Sawu. Ƙanwata ta tambayi yadda za a kira yarinyar nan mai keke ta cikin fim, 'yar'uwar Emil. Na ce 'yar bin sawu. Tun jiya ita ke binciken wanda ya shanye furar Baba, kuma ta ce ta ga gari a haɓar ƙanena.