Me ya kamata manomi ya rubuta idan ruwa ya ci gona?

Ɗan Kafin Hausa:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. A yankin Auyo, Miga da Kafin Hausa, duk shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya batse, kamar 2020 da 2022, sai a yi wa juna jaje a ce Allah ya mayar da alheri, baɗi kuma a koma kwari ɗaya da iri ɗaya. Ƙaddara gaskiya ce. Amma me mutum zai lura da shi ya ajiye, don ya san ainihin abin da ya tafi masa?

Malamin Gona:
Wa'alaikumus salam. Littafin 'yan makaranta ɗaya ya isa, ko da boko ko da ajami. Kowace gona shafinta daban. A rubuta kuɗin huɗa, iri, taki, maganin feshi, ƙwadagon dashe da na cire ciyawa, da man inji, kowanne da ranarsa. Inda aka fi yin kuskure biyu ne. Ba a lissafa aikin 'ya'yan gida, ba a kuma lissafa irin da aka ɗebo daga rumbu, alhali duk dukiya ce.

Sannan kada ka tsaya ga naira kawai. Ranar da ka sayi buhun yuriya, rubuta kwano nawa na shinkafa shanshera zai biya shi a kasuwar ranar. Naira tana zamewa, bayan shekara uku adadin da ka rubuta ba zai gaya maka komai ba, amma kwano kwano ne, arba'in buhu guda.

Baba na Auyo:
Malam ya yi magana, amma ɗana, lissafin kuɗi ba shi zai hana ruwa dawowa ba. Ruwan za ka karanta. Ka sami bishiya ko turke a bakin gona, ka yi zane a inda ruwa ya tsaya, ka rubuta ranar da ya shigo, ta wace kusurwa ya shigo, kwana nawa ya kwanta. Ka rubuta kuma halin da shinkafar take ciki a lokacin. Wadda ruwa ya rufe tana ƙarama takan farfaɗo idan bai daɗe ba, wadda ta ɗauki ciki ko ta fara fure kuwa sai dai haƙuri.

Ka bambance ruwa biyu. Akwai na sama da ya taru a kwari, akwai wanda ke gangarowa daga Kano idan madatsun Tiga da Challawa sun cika, wajen Agusta zuwa Satumba. Na biyun yakan iso ko da garinku bai ga hadari ba. Ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa yake fanɗarewa zuwa inda da ba ya zuwa. Zanen shekara uku ko huɗu zai nuna maka wane ɓangare ne na damina, wane ne za a bar wa noman rani.

Malamin Gona:
Haka ne Baba, ranka ya daɗe. Idan zanen ya nuna ruwa ba ya wuce mako biyu a wurin, a nemi irin shinkafa FARO 66 ko FARO 67, an fitar da su a 2017 don jure nutsewa. Yuriya kuma a raba ta biyu, kada a zuba gaba ɗaya ana ganin hadari ya haɗu.

Yaya Mai Sussuka:
Kun manta asarar da ke biyo baya, ita ce ta fi cin gida. Hatsin da aka tsamo da danshi aka ɗure a buhu, kafin mako ya yi funfuna. A shanya shi a kan tamfol har sai ƙwaya ta yi ƙas a haƙori, a kuma ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Akuya ko tunkiyar da aka sayar don biyan bashin taki ita ma ta shiga littafin, a shafin gonar da ta jawo sayar da ita. Sau da yawa dabbar ta matar gida ce, shi ya sa maza ke tsallake ta.

Ɗan Kafin Hausa:
Allah ya saka da alheri. To zakka fa, a kan abin da ya tsira ake fitarwa?

Baba na Auyo:
A kan abin da aka girba, idan ya kai nisabi. Ɗaya cikin goma ga na ruwan sama, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka ba ruwa da inji. Idan gonar ta haɗa biyun, ka je wa limaminku da littafin a hannu.