Neman shawara: iyafis ɗin Baba ya ƙi kiran mutane da murya

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanku da yamma. Dan Allah masu sanin waya ku taimaka min. Babanmu ne idonsa ya yi rauni, rubutun waya yanzu baya ganinsa ko da tabarau, kuma shi harkarsa duk a waya take, dillalin goro ne, tun asuba ake kiransa daga Tamale da Bawku. Nokia E71 yake riƙewa tun tana yayi, in ta mutu sai a nemo masa irinta, ya ce shi da waya mai shafe-shafe har abada. Yayana dake Italiya ya ce ai wayar tana kiran mutum in ka faɗi sunansa, shine na siyo masa iyafis mara igiya irin 'yan biyun nan masu ɗan akwati. Mun haɗa da Bluetooth, karatun Alƙur'ani na fita tas, in an kira shi yana ɗauka, amma in ya taɓa don ya faɗi suna sai abin ya yi ƙara ya mutu. A jikin wayar kuma in na danna masa ya ce Alhaji wane, sai ta kira wani Alhajin daban, jiya ma wanda yake bin Baba kuɗi ta kira wlh. Wayar ce ta tsufa ko iyafis ɗin ne jabu?

Mai Pragya Asawase:
Wa alaikumus salam. Hahaha wayar ta san gaskiya ne Hajiya, a biya bashi kawai. Ni dai ku siya masa Tecno ko itel ku huta, ya yi wa Google magana ta kira masa kowa.

'Yar Aboabo:
Yaya baka san Baba ba. An kawo masa sabuwa dal, a kwali ya bayar da ita.

Mai Gyara Adum:
Ƙanwata wayar lafiyarta ƙalau, kar ki bari a ce miki a yi mata fulashin. E71 ta fito a 2008, kuma a wannan fannin ta fi wayoyi da yawa da suka biyo bayanta, tana yin abin nan ba data ba komai, a cikin cikinta take ganewa. Iyafis ɗin ne bai dace da ita ba. 'Yan biyun nan na yanzu don jin kiɗa da wayoyin zamani aka yi su, ba su da madanni na gaske, taɓawa ake, kuma kowane kamfani da yadda ya tsara nasa, wani in ka daɗe da yatsa a kai ya canza waƙa wani ya kashe kansa, naki kenan. Ita kuma Nokia jira take a danne madannin iyafis a riƙe, ta yi ɗan ƙara, sannan a faɗi suna. Ki nemi irin na da mai kunne ɗaya mai maƙalawa a bayan kunne, mai madanni guda babba da yatsa zai ji, Jabra ko Plantronics ko na Nokia masu BH a gaban lambarsu, a wajen masu kayan hannu na PZ dake Adum a nan Kumasi har yanzu ana tsintarsu in an duba. In ya tambayi lamba wajen haɗawa ki sa 0000. Amma ki tafi da wayar ki gwada a gaban mai kayan kafin ki ba da sidi ko ɗaya, ki kuma tsaya ki ga yana riƙe caji don batir ɗinsu ya kwana biyu.

Malam na Kwamfuta, Nima:
Ina bayan mai gyara, bari in ɗan ƙara don a gane dalili. Bluetooth ba hanya ɗaya ba ce. Akwai A2DP, ita ke ɗauko karatu da kiɗa, daga waya zuwa kunne kawai take tafiya. Akwai HFP, ita ce ta kira, a cikinta ne umarnin da iyafis ke aika wa waya cewa buɗe kunne za a faɗi suna yake. To jin karatu tas bai nuna komai ba, sai iyafis ya aika umarnin nan ita ma wayar ta san abin da za ta yi da shi.

Kuma wannan ciwon kai tsoho ne, mu da muka riƙe wayoyin farko mun sha shi. iPhone ta farko ta 2007 da 3G ta 2008 ba su da kiran murya sam. Sai 3GS a 2009, ita ma da ta fito sai ta jikin waya ko iyafis mai igiya, sai da aka sabunta manhajarta zuwa 3.1 a watan Satumba na shekarar sannan ya yi aiki ta Bluetooth. Android ta fi jan ƙafa, G1 ta 2008 tana da kiran murya amma sai ka ɗauki wayar a hannu ka taɓa allo, to amfanin me, sai 2.2 a 2010 aka sa shi ta Bluetooth. Ni HTC Hero nake riƙewa lokacin, a 2.1 kamfanin ya tsaya da ita, ina ji ina gani masu BlackBerry Pearl ta 2006 suna danna kunne suna kira a cikin trotro, motar haya. Don haka Baba bai yi zaɓen banza ba.

Anti Sawaba:
Allah sarki, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗiyata kuna dai kai shi asibitin ido ko? Kar a tsaya a kan waya a bar magani.

'Yar Aboabo:
Amin Anti na gode, muna zuwa asibitin Komfo Anokye, yana kan maganin ɗigawa. Malam to batun kiran Alhajin da ba shi ba fa? Wannan ai a jikin wayar ne ba iyafis.

Malam na Kwamfuta, Nima:
Yawwa nan ne aikin yake. Tsofaffi irin su 3310 kai ne kake ɗaukar muryarka ka liƙa wa suna, ko da wane yare ka faɗa za ta kwatanta da abin da ka ɗauka. E71 ba haka take ba, ita take karanta sunan da aka rubuta ta ƙirƙiri yadda take zaton ana faɗinsa, da harshen da aka saita wayar, wato Turanci. Ba ta san ɗ ba, ba ta san ƙ ba, ba ta san ts ba. Baba yana faɗin suna da Hausarsa mai kyau ita kuma tana jiran bakin Bature, abin da ta kama sosai shine Alhaji, in kuma Alhazai sun cika wayar sai ta zaɓi wanda ya fi kusa.

Ki buɗe sunan mutum a kontak, ki shiga Options ki nemo inda ake kunna voice tag, za ki ji yadda ita take faɗa, ki shirya dariya. Sai ki ƙara masa Nickname, wato laƙabi, tana amsa shi kamar yadda take amsa suna. Ki sa kalma mai gaɓa biyu ko uku wadda ba ta yi kama da wata ba, mai sauƙi a bakin Bature: Tamale, Bawku, Direba, Mama, Italiya. Kar ki sa Ali da Aliyu da Alidu, za ta cakuɗa su. Ki cire Alhaji da Malam daga gaban sunayen da ya fi kira. Sunayen su kasance a memorin waya, in a sim suke ki kwafe su. Wanda yake da layi biyu ki zaɓa masa na farko. Kuma ku bar Baba shi kaɗai ya riƙa yi mata magana, tana sabawa da muryar mai ita a hankali, in jikoki suna wasa da abin za su rikita ta, akwai wurin goge sabon a setin na voice commands in ta riga ta rikice.

Mai Gyara Adum:
Ƙari, kar ya gwada a tsakiyar kasuwar Kejetia ya ce abu baya aiki. Muryar da ke bi ta iyafis na da siririya ce, an matse ta, ga hon ga masu wa'azi da sifika ga masu aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko mutum da ƙyar yake ji balle inji. Ya shiga cikin shago, ya jira ƙarar ta yi tukun, ya faɗa da muryarsa ta kullum ba ihu ba. Za ta maimaita sunan da ta ji kafin ta kira, daƙiƙa kaɗan ne, in ba shi ba ne ya danna jan madanni da sauri.

Kawu Tafo:
Ni tsoho ne ɗan'uwansa, ku ji tawa. Abin caji biyu wahala ne ga mai raunin ido, ga wutarmu da ba ta da alƙawari. Mai igiya ma yana yi in yana da madanni, baya son caji baya ɓata a cikin buhun goro. Sannan ki sa masa mutum takwas a lambobi 2 zuwa 9, dannawa ɗaya a riƙe ya kira.

Mai Gyara Adum:
Gaskiyarka Kawu. Sai dai ramin E71 ƙarami ne, 2.5, ba 3.5 na yanzu ba, in ta siyo na kasuwa ba zai shiga ba, ta ce a ba ta na Nokia mai siririn baki.

'Yar Aboabo:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Na zauna da Baba bayan isha'i yana faɗa ina rubutawa, mun sa wa na kusa sunan gari, ya ce Bawku ta kira Bawku, ya ce Direba ta kira direba, sai Italiya ce take ta yi wa gardama na mayar Yaya ta amsa. Mai bashi kuma Baba ya ce a bar shi ba laƙabi. Asabar zan shiga Adum neman iyafis, mai igiyar da mara igiyar duka zan duba. Tambaya ɗaya, in an kira shi ba yadda za ta faɗa masa wanda ke kira?

Malam na Kwamfuta, Nima:
Akwai. Ki shiga Profiles, ki buɗe wanda yake kai, Personalise, ki kunna Say caller's name, za ta riƙa faɗin sunan tare da ringin in lambar tana cikin kontak. Ki ɗan rage ƙarfin ringin ɗin ko ki sa mai sanyi don kar ya danne muryar.