Neman kalmar Hausa: hasken da ke saura a allon tsohuwar talabijin

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan tsofaffin talabijin masu ƙaton baya, kalmar "afterglow" ta tsaya mini. Me zan kira hasken nan da ke saura bayan an kashe ta?

Mai gyara: Hajiya, haske biyu ne. Akwai dishi-dishin da ke rufe allon duka, na hodar fosfo ne da aka shafe cikin gilashin da ita, tana sakin hasken da ta sha a hankali. Ba ya cutarwa. Sai ɗigon tsakiya: katod, wato ɗan ƙarfen da ake zafafawa a wuyan kwalbar talabijin, bai huce ba, yana ta harba ilektiron wuri ɗaya don wayar da ke karkatar da su ta daina aiki. Idan ya daɗe yana ƙona fosfon. Ki ce "ragowar haske".

Malamin Hausa: Ragowa ai ta tuwo ce. "Shafaƙin allo" ya fi: rana ta faɗi, jan haskenta bai tafi ba.

Ɗalibi: Malam, shafaƙi Larabci ne. Me ya hana "garwashin allo"?

Malamin Hausa: Allon ma daga Larabci muka aro shi, ɗana. Kalmar da kakanni suka yi sallar magariba da ita ta zama tamu.

Ɗalibi: Da wannan hujjar kullum ake danne Hausar asali.

Mai gyara: Garwashi kam a'a, sai mutane su zaci haɗarin a allon yake. A bayan talabijin yake. Kwalbar talabijin mai kala tana aiki da ƙarfin lantarki kusan bolt 25,000, kuma tana riƙe caji kwanaki bayan an zare filogi. Babbar kafasita, wato ma'ajiyar caji, ma tana iya riƙe kusan bolt 300. Masu gyara suna zare filogi, su ɗaura waya daga sukudireba zuwa wayar da ke kewaye bayan kwalbar, su zura bakinsa ƙarƙashin robar da ke manne a jikinta, da hannu ɗaya, har cajin ya sauka. Wanda bai koya ba kada ya buɗe murfin. Kuma babu iska a cikin kwalbar, in wuyanta ya karye tana iya tarwatsewa.

Mai fassara: To zan sa "ragowar haske", mai sauraro zai gane nan take. Shafaƙi zan ambata sau ɗaya a gabatarwa.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma ki sa. Ɗigon tsakiyan har yanzu ba shi da suna.