Kunya guda a shekara: musayar waƙa kan iyakar gona

Mai Garma:
Salamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya hana ni barci, shi ya sa na zuba shi a baiti. Mai amsa ya amsa.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Kukana yau a kan iyaka.
Ni da maƙwabci mun taso tare,
Tare muke huɗa, tare shuka.
Dutse ne Baba ya dasa mana,
Ya ce: "Daga nan zuwa rafi naka."
Bana na je sharar gonata,
Na iske gurbi, dutse an ɗauka.
Kunya guda yake ci duk shekara,
Bai ji kunya ba ko a fuska.
Ku ba ni shawara 'yan uwana,
In yi shiru ko in kai ga doka?

Na Bakin Rafi:
Yaya Mai Garma, sannu da haƙuri,
Amma ka sa wa zarginka shakka.
Rafi ba ya riƙe alkawari,
Yakan ci gaɓa in an yi marka.
Ya rage wa wannan, ya ƙara wa wancan,
Ba hannun kowa a wannan harka.
Shanun huɗa in sun zo juyawa,
Sukan ture dutse su bi su taka.
Ni ma na taɓa zargin nawa,
Ashe ruwa ne ya yi aika-aika.

Uwar Marayu:
Ku bar ni in sauya amsa-amo, nawa ciwon daban ne.

Maigidana ya ba da aron gefe,
Don zumunci, ba jingina ba haya.
Ba takarda, sai shaidu biyu,
Dattawa ne masu gaskiya.
Ya rasu, su ma sun bi bayansa,
Aro ya zama gado a idon duniya.
'Ya'yan mai aro sun ce tasu ce,
Ciki suka tashi, ba su san jiya.
Ban ce ƙarya suke ba, ƙanena,
Abin da suka tarar suke wa kariya.
Shirun da za ka yi bana, Mai Garma,
'Ya'yanka ne gobe za su biya.

Ɗalibin Ilimi:
Manzo (SAW) ya ce Allah Ya la'anci
Mai gusar wa ƙasa da alama.
Muslim ya kawo shi a Sahihinsa,
Magana ce wadda ba ta da gardama.
Taƙi guda in ka ci da zalunci,
Ƙassai bakwai a wuyanka ran Ƙiyama.
Gargaɗin nan na ku biyu ne, Yaya,
Kar ka mai da dutsen kai kaɗai, kai ma.

Mai Awo:
Kafin baitina, ga lissafi. Kunya mai faɗin mita 1 a gona mai tsawon mita 100, in ana cin ɗaya duk damina, a shekara 10 an ci murabba'in mita 1,000, kashi ɗaya cikin goma na hekta ke nan. Kuma kada ka dogara da GPS na waya, yakan kauce da kusan mita 5, ya fi kunyoyin da kuke faɗa a kai.

Bishiya kan faɗi, dutse kan gusa,
Tsohon da ya sani kan koma ƙasa.
A kafa turken siminti a kusurwa,
A rubuta awonsa, a adana taswirarsa.
Amma turken da aka kafa a ɓoye,
Sabuwar wuta ce aka kunna bisa.
Maƙwabci ya tsaya, shaidu su gani,
Kowa ya sa hannu da yardarsa.

Mai Garma:
Inna Uwar Marayu, kin sa ni hawaye. Malam, ka tare ni, don wallahi na yi niyyar mai da dutsen da dare.

Mutumin nan da nake tuhuma,
Shi ya yi jinyar Baba har ya cika.
Na yi wata biyu ban gaishe shi ba,
Yaranmu ma sun raba harka.
Akwai tsoho guda da ya rage,
Yana nan ran da Baba ya ja iyaka.
Gobe zan je gidan maƙwabci da kaina,
Mu riƙo tsohon nan mu je mu taka.
Mai Awo, ka shirya kayan aikinka,
Kafin ruwan fari ya sauka.