Kuɗin da suka wuce ƙa'ida a asusun Roth IRA: yaya ake gyarawa a takardar haraji?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum. Ina aiki a Amurka, kuma a watan Janairun 2024 na zuba dala 7,000 a asusun ritayata na Roth IRA. Saboda ƙarin sa'o'in aiki, kuɗin da na samu a shekarar sun haura dala 161,000, alhali a ƙa'idar 2024, marar aure mai biyan haraji shi kaɗai da ya kai wannan adadi ba shi da damar zuba ko sisi. Na riga na miƙa takardar harajina a watan Maris na 2025. Ina mafita?

Hajiya Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun da ka miƙa takardar a kan lokaci, kana da dama har zuwa 15 ga Oktoba, 2025. Ka nemi kamfanin da ke riƙe da asusun ya mayar maka da rarar tare da ribar da ta haifar, kuma ka bayyana musu cewa gyaran rara ne, domin idan ka cire kuɗin da kanka za a rubuta su a matsayin cirewa ta yau da kullum. Ribar ce kawai za a yi wa haraji, kuma a lissafin 2024 za ta shiga, saboda haka sai ka cike fom 1040-X, wato fom ɗin gyara takardar harajin da aka riga aka miƙa. Kada ka tsaya jiran fom 1099-R, takardar da kamfanin ke aikowa kan kuɗin da aka cire, wanda sai farkon 2026 zai iso. Tarar kashi 10 da ake ɗora wa ribar a da, dokar SECURE 2.0 ta 2022 ta soke ta.

Baban Safiya:
Hajiya ta yi bayani, amma a ganina cirewa ba dole ba ce. Kafin wa'adin, kana iya sa kamfanin ya mayar da zubin zuwa asusun Traditional IRA, wato ɗaya nau'in asusun ritaya wanda yawan albashi ba ya hana zuba kuɗi a cikinsa, a ɗauka tamkar can ka zuba tun farko. Idan kana da tsarin ritaya a wurin aiki, da irin wannan albashi ba za ka sami rangwamen haraji a kansu ba, sai ka rubuta su a fom 8606, inda ake bayyana zubin da ba a samu rangwame a kansa ba.

Ɗan Gwandu:
Na gode. Idan kuma wa'adin ya wuce fa?

Hajiya Mai Lissafi:
To, hukumar harajin Amurka, IRS, za ta karɓi kashi 6 cikin ɗari na rarar, wato kimanin dala 420, ta fom 5329, kuma haka za ta riƙa karɓa duk shekarar da rarar ta kwana a asusun. A lokacin, ainihin dala 7,000 ɗin kawai za ka cire, ribar ta zauna.